Ya Gumsu da Kwalbar Humrar Jannat

Duk wanda ya shiga ɗakin Ya Gumsu a unguwar Shehuri ta Maiduguri, idan ya ɗaga kai zai ga wata kwalba a saman durowa, an ɗaure bakinta da leda da zare. Humra ce a ciki, ta yi duhu kamar zuma. Fiye da shekara goma ke nan tana wurin ba a buɗe ta ba, kuma duk ranar da idona ya faɗa kanta sai raina ya ɓaci. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata, don haka raina yana yawan ɓaci.

Gyaran amare ne sana'ar Ya Gumsu. Wurin kakarta ta wajen uwa ta gaje ta, wata 'yar Shuwa da aka ce ko tsohuwa ta murza sai mijinta ya sake kallonta. Tun Gumsu ba ta iya ɗaura zane da kyau ba take dakan gajiji da hawi na haɗa turare, take kwaɓa dilka, ƙullin nan mai ƙamshi da ake murza wa amarya har fatarta ta yi sumul. Da ta girma sai hannunta ya fi na kakar. Mace ce gajera mai faɗin tafin hannu, ba ta da yawan magana, amma idan ta ga aikin wata mai gyara bakinta ba ya shiru. A gidan biki za ka ga mata suna yaba hasken fuskar amarya, ita kuwa ta lallaɓa ta ɗaga hannun yarinyar kamar mai sa albarka, ta dawo ta raɗa mini: "Rahmat, fuska kowa ma ya iya. Gwiwar hannu za ki duba, da diddige." Amaryar da ta fito daga hannunta, gwiwar hannunta da kumatunta launi ɗaya ne.

Mijinta Ba'ana ya rasu Jannat tana rarrafe, kuma ita kaɗai Allah ya ba su. Ya Gumsu ba ta sake aure ba. Da wannan murza ta ciyar da yarinyar, ta yi mata karatu, ta kai ta munzalin aure. Tun Jannat tana sakandare uwar ta haɗa mata humrar amarci, ta zaɓi farcen turare da sandal da hannunta, ta rufe kwalbar ta ɗora a saman durowa ta ce sai ranar. Amaren mutane nawa ta gyara, ita ma ba ta sani ba. Abin da take jira a duniya shi ne ta zaunar da tata 'yar a tabarma ta murza ta.

An sa ranar Jannat da Abdulwahab a damina, shekarar da Ebola ta shigo Legas. Kafin a fara maganar cutar sosai, wasu 'yan Borno mazauna can suka aiko Ya Gumsu ta je ta gyara musu amarya. Na ce mata kada ta je, ba don cuta ba, don hanya, saboda a lokacin fita daga Maiduguri ma sai da addu'a. Ta ce ta riga ta amsa. Tana can hawan jinin uwar amarya ya tashi aka kai ta wani asibiti, ita kuma da yake ba ta iya ganin mutum kwance ta wuce, sai ta bi ta ta wuni tana yi mata fifita. Ta gama aikinta ta dawo gida lafiya. Ba ta daɗe da dawowa ba aka kira ta a waya, aka ce asibitin nan an kwantar da wani da ake zargin yana da cutar, kuma duk wanda ya shiga wurin a ranar ana bin sawunsa.

Washegari wata farar motar ma'aikatan lafiya ta tsaya a ƙofar gidanta. Wadda ta fito daga ciki ita ce Kezia, ma'aikaciyar lafiya, 'yar kudancin Borno da ke zaune a unguwar Wulari, siririya mai sanyin murya. Ta yi bayani dalla-dalla: Ya Gumsu ba ta da ciwo, sa ido kawai za a yi. Sati uku za ta zauna a gida, kwanonta daban, butarta daban, kada ta taɓa kowa, kullum za a zo a auna zafin jikinta. Ya Gumsu ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi tambaya ɗaya.

"'Yata, sati ukun nan yaushe zai cika?"

Kezia ta faɗa mata. Ya Gumsu ta motsa yatsu, ta ga zai cika saura 'yan kwanaki biki. A ƙa'idarta amarya ta fi haka zama a hannunta, amma ta gyaɗa kai ta ce, "Ya ishe ni. Hannuna ya san jikin yarinyar nan."

Ni dai ban taɓa cewa sa idon laifi ba ne. Da ba a bi mutane haka ba, Allah kaɗai ya san inda cutar za ta tsaya, ga garin a cike da 'yan gudun hijira, ɗaki ɗaya mutum goma. Ya Gumsu ma ba ta yi gardama ba. A ranar ta haɗa wa Jannat kaya ta tura ta gidan ƙanin ubanta, Baba Audu, ta yi mata sallama daga nesa hannunta a naɗe cikin lafaya. Roƙo ɗaya ta yi wa Kezia, a daina zuwa da farar mota. Kezia ta ji, ta koma zuwa a Keke Napep da atamfarta, jakarta a hammata kamar mai zuwa barka.

Amma zuwa ɗaya da motar ta yi ya isa. Kafin la'asar labari ya zagaye unguwa, kuma kowa ya ƙara masa gishiri. Matan da suke sintiri gidanta neman garwashi da ɗan turare suka ɗauke ƙafa. Iyayen amare biyu suka aiko cewa sun fasa. Mai ruwa ya daina tsayawa da kurarsa a ƙofarta. Mutanen nan fa su ne waɗanda suka yi wanka da ruwan gishiri, wasu har da sha, don wani ya kira su a waya ya ce shi ne maganin cutar. Su ne suke koya mini yadda zan kiyaye kaina idan sun ga ina miƙa mata abinci ta kan katanga.

Ta kan katangar nan muke hira. Ni a kan turmi, ita a kan kujerar tsuguno, kowa a gidansa. Ba ta taɓa kuka ba. Hannuwanta ne suka rasa abin yi, sai ta wuni tana daka, tana tankaɗe, tana turara ƙullin dilkar Jannat, ƙamshin yana tsallakowa gidana har maigidana ya fara tambaya ko wani abu nake nema. Kullum da hantsi Kezia ta zo, ta ciro na'urar nan da ake haska wa a goshi. Bindiga muke ce mata, kuma a garin da aka sha ganin ta gaske, sai da Ya Gumsu ta yi kwanaki kafin ta daina runtse ido. Na'urar ta yi ƙara, Kezia ta duba ta ce, "Ya Gumsu, lafiya lau." Ita kuma ta ce, "Kalewa, alhamdulillahi. Wushe da aiki, 'yata." Wato lafiya lau, sannu da aiki. A haka aka ci sati biyu da ɗoriya, ko ciwon kai babu.

Ana gab da gamawa Kezia ta ce mata, "Gobe da manyanmu zan zo, suna zagayen duba aiki. Kada ki damu, kallo kawai za su yi."

Da yamma Ya Gumsu ta kira ni bakin katanga. "Rahmat, manyan baƙi za su zo. In tarbe su ina warin zaman ɗaki?"

Na ce mata mutanen nan ba neman aurenta za su zo ba. Ta yi mini wani kallo. Macen Borno, kuma mai gyaran amare, a ce baƙi sun zo ƙofarta ba su tafi da ƙamshinta a hanci ba? Gara a ce ba ta gida. Da safe ta yi wanka, ta hura garwashi a kasko, ta zuba itacen turare, ta zauna a kansa ta lulluɓa da bargo tun daga kai, irin zaman da take sa amare. Ta yi lissafin sai hantsi za su zo, kafin nan ta huce ta shirya. Su kuwa manya da gidanta suka fara.

Ina shara na ji tsayuwar mota, na leƙo. Kezia ce da maza biyu, babban cikinsu ya rufe hanci da baki da ƙyalle har biyu, ya tsaya can nesa kusa da motar. Aka yi sallama. Ya Gumsu ta yaye bargo a gaggauce, ta yafa lafaya ta fito. Gumi yana tsiyaya daga goshinta, idanunta sun yi jajir da hayaƙi, tana ɗan tari. Kezia ta ɗaga na'urar, ta yi ƙara. Ta duba, ta sake haskawa.

"Nawa?" in ji babban.

Ta nuna masa. Ya ƙara ja da baya. Kezia ta ce, "Yallaɓai, ina jin daga kan kasko ta taso. A bari ta huce mu sake aunawa."

Ni daga ƙofar gidana ƙamshin sandal ya cika mini hanci, amma shi ta ina zai ji, hancinsa a naɗe? Ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya, me kike yi a ciki yanzun nan?"

A lokacin maƙwabta sun fara fitowa, ga direba, ga masu shago, duk maza. Zaman hayaƙi kuwa kowa ya san don wa mace take yin sa. Matar da mijinta ya daɗe a ƙasa ta buɗe baki a gaban mazan unguwa ta ce tana kan kasko, da wane ido za ta sake kallonsu? Ya Gumsu ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai."

Na jefar da tsintsiya na ce, "Hayaƙi ne! Turare ne, jama'a! Ya Gumsu, ki faɗa masa mana!" Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malama, ki koma baya," in ji shi. "Ita da bakinta ta ce ba komai. Ga zafi, ga jan ido. Idan na tafi na bar ta ya zamana cutar ce, wa zai ɗauki alhakin unguwar nan, ke?"

Har yau ban sami amsar da zan ba shi ba, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Tsoronsa na gaskiya ne. Amma me zai rage shi da ya jira gwargwadon shan ruwa kofi ɗaya? Ita ma na ji haushinta, har yanzu ina ji. Kalma ɗaya ce tsakaninta da tabarmar 'yarta, kunya ta hana ta furtawa. Kafin motar asibiti ta iso jikinta ya huce sarai, Kezia ta sake aunawa ta nuna wa kowa, amma an riga an kira, an riga an sanar da na sama, babu mai ƙarfin halin cewa a koma.

Da jiniya suka zo. Mutane biyu cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa suka sa ta a tsakiya, unguwa kaf tana kallo, wasu a kan katanga. Da za ta shiga motar ta waiwayo ta ce, "Rahmat, ƙullin nan yana cikin roba, ki rufe shi." Ban samu na rufe ba, don ba a bar ni na shiga ba. Wasu suka biyo baya da tankin feshi a goye, suka wanke ɗakin da ruwan bilic, tabarmi da buhunan turare da komai.

Aka killace ta a wani ɗaki ita kaɗai, aka ɗebi jininta. A lokacin ba a gwajin a nan, sai an kai Legas, ga filin jirgi a rufe, don haka jinin ma sai da ya bi hanyar da ta bi. Kullum ana auna ta, kullum babu zazzaɓi, kullum ana ce mata sai sakamako ya zo. Kezia takan je ta tsaya ta taga bayan ta tashi aiki. Ta ce mini Ya Gumsu ba ta taɓa tambayar ko tana da cutar ba, abin da take tambaya shi ne yau wace rana.

A waje kuwa magana ta lalace. Uwar ango ta aiko wa Baba Audu cewa danginsu suna ta surutu, wasu ma sun ce a fasa. Na je na same shi na ce a ɗaga bikin ko da sati ɗaya ne. Ya ce, "Malama Rahmat, idan na ɗaga, ba za su dawo ba. Kina so yarinyar nan ta zauna da sunan 'yar mai Ebola?" Na zazzaga masa abin da ke bakina, amma a raina na san bai yi ƙarya ba. Aka kira wata mai shagon kwalliya a bakin titi ta yi wa Jannat gyaran kwana biyu, aka sayo humra a kasuwa. Aka ɗaura aure, aka kai amarya daga gidan baffanta, tana kuka irin wanda ba na al'ada ba.

Bayan biki da kwana biyu sakamako ya zo. Babu komai a jininta, dama babu.

To a nan ne nake so a ba ni amsa. Da za a ɗauke ta, da jiniya aka zo, kurma ma ya san an tafi da Ya Gumsu. Da za a dawo da ita, ina jiniyar? Ina babban nan mai ƙyalle biyu, ya zo ya tsaya a inda ya tsaya ya ce jama'a, matar nan lafiyarta ƙalau? A Keke Napep ta dawo da tsakar rana, kowa yana cikin gida. Kezia ce kaɗai ta rako ta, ta sauko ta riƙe hannunta da hannu tsirara, suka taka a hankali har ƙofa don a gani. Allah ya saka wa yarinyar nan. Amma waɗanda suka gani ba su fi mai shago da awaki ba.

Na bi ta muka shiga ɗakin. Gidan da ake gane shi da ƙamshi tun daga bakin layi, ranar warin asibiti yake. Buhunan gajiji da hawi sun jiƙe sun yi fumfuna, ƙullin dilkar Jannat ya yi tsami ya kumbura a robarsa. Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Sai ta taka kujera ta sauko da kwalbar. Ita kaɗai ta tsira, da yake bakinta a ɗaure yake. Ta goge ta da gefen lafaya ta miƙo mini.

"Uwa ba ta zuwa gidan 'yarta da wuri haka. Ki kai mata. Satin amarci bai fita ba."

Na tafi da la'asar. Uwar ango ce ta tare ni a zaure, ta amsa gaisuwa da fara'a har idonta ya sauka kan abin da ke hannuna. Na ce saƙon uwar amarya ne, kuma an sallame ta, an tabbatar ba ta da komai. Ta ce alhamdulillahi, ta yi murna ƙwarai. Sannan ta ce, "Amma ki ajiye ta a can waje, ta sha rana sati uku tukuna. Kin san gidan da yara." Humra a rana, ai lalacewa za ta yi! Na buɗe baki, na tuna 'yar mutane ce za ta zauna da matar nan, na haɗiye. Na sa kwalbar a jakata, na bar jakar a zaure, aka ba ni ruwa na wanke hannu kafin a bar ni in shiga.

Jannat tana zaune a bakin gado. Fuskarta ta yi haske, ba laifi. Tana ganina ta fashe da kuka tana tambayar uwarta, ta ci abinci, ta rame, ta yi fushi da ita? Ta ɗaga hannu za ta share hawaye, mayafin ya zame. Ban so in duba ba, amma shekarun da na yi ina bin Ya Gumsu gidajen biki sun riga sun koya wa idona inda zai je. Gwiwar hannunta da kumatunta ba launi ɗaya ba ne.

Daga baya komai ya lafa. Aka ce cutar ta ƙare a ƙasar, iyayen amare suka dawo ɗaya bayan ɗaya kamar ba su ne suka gudu ba, har uwar angon nan ta kawo mata ƙanwar Abdulwahab, Ya Gumsu kuma ta gyara ta tsaf. Jannat ta sha roƙonta kwalbar, yanzu 'ya'yanta uku. Amsar ɗaya ce kullum, ta amarya ce. Na yi faɗa har na gaji.

Amma ranar nan da na dawo daga gidan, a tsakar gida na same ta tana kankare robar dilka. Na ciro kwalbar na ajiye a gabanta. Ta dube ta, ba ta tambayi dalili ba, ba ta tambayi abin da aka ce ba. Ta ci gaba da kankara na ɗan lokaci, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Kin ga gwiwar hannunta?"

Na tsaya ina kallon ƙasa. Ta gyaɗa kai a hankali. Ta wanke hannunta, ta ɗauki kwalbar, ta taka kujera ta mai da ita saman durowa.